Yadda zaka zaɓi ƙaramin madubin hangen nesa mai ido ɗaya, da yadda zaka riƙe shi a daji

'Yan uwa masu fita yawon daji da hawan dutse daga nan Legas, tunda muka dawo daga dutsen Ado-Awaye ake ta tambayata ɗan abun nan da nake ratayawa a ƙirji, to bari in yi bayani gaba ɗaya kowa ya huta. Madubin hangen nesa ne mai ido ɗaya, 'yan kasuwa monokula suke ce masa, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba kuma wayata ta fi shi nauyi. Ni babban amfaninsa a wajena shine yana hutar da ƙafa. Kana kan dutse ka hango wani abu kamar hanya can ƙasa, maimakon ka sauka ka ɓata rabin awa sannan ka tarar ashe zaizayar ruwa ce, sai kawai ka ɗaga ka duba daga inda kake tsaye.

Fara da lambobin da ke jikinsa. In kaga 8x25, takwas ɗin na nufin zai jawo maka abu kusa sau takwas, wato abun da ke nisan mita 400 zaka ganshi kamar yana mita 50, shi kuma 25 faɗin gilashin gaba ne a milimita. Mutanenmu suna son babbar lamba, nima haka na fara, na yi oda a intanet na wani mai 40x60 a rubuce, da ya iso na sa rula a gilashin ko kusa da 60 bai kai ba, hoton kuma dishi-dishi kamar ana hazo, wallahi kuɗin nan har yau yana min ciwo. Gaskiyar magana duk abun da ya wuce sau 10 hannu baya iya riƙe shi cak, rawar hannunka ma sai ta ninku, balle ka hau matakalar dutsen Idanre sama da 600 kana haki. Ka tsaya a 8.

Sai maganar haske. Ka raba 25 da 8 zaka samu 3 da ɗan wani abu, wannan shine faɗin hasken da ke shiga idonka, da rana ya wadatar domin ƙwayar ido tana tsukewa zuwa milimita 2 ko 3. Da magariba ko a ƙarƙashin itatuwa masu duhu irin na gandun dajin Lekki Conservation Centre ido yana buɗewa, a nan ne 8x42 yake nuna kansa tunda shi yana bada sama da 5, amma fa ya fi girma da nauyi, kuma abun da ya yi nauyi a jaka yake ƙarewa. Shi yasa na zaɓi ƙaramin.

In zaka saya ka je da ƙafarka, ko kasuwar Alaba ko ta Ikeja, ka ce a baka ka gwada. Miƙa hannu da shi ka fuskanci sama, banda wajen rana, ka kalli ɗigon hasken da ke cikin gilashin ido, in zagayayye ne tas to gilashin ciki mai kyau ne, wanda ake rubuta BaK-4, in kuwa gefensa ya yi toka-toka kamar mai kusurwa huɗu to mai araha ne. Sannan ka karanta wani allon shago a tsallaken titi, ka ga ko rubutun gefe yana fita kamar na tsakiya. Mai sa tabarau ya naɗe robar bakin ya gwada da tabaransa a fuska. Kuma dan Allah ka nemi wanda ruwa baya shiga, in an rubuta IPX7 yana jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30, in an cika shi da iskar naitirojin baya yin gumi ta ciki, kowa dai ya san ruwan Yuni da Yuli a garin nan.

Kada ka jefa shi ƙasan jaka. Ka ɗaura ƙaramin aljihunsa a igiyar jakarka ta ƙirji, ka kuma sa masa zare a wuya, musamman in zaka hau gadar sama ta gandun dajin Lekki mai tsawon mita 401, tana lilo, abun da ya suɓuce maka a can sai dai haƙuri. Wajen dubawa ka fara samun abun da idonka tukuna, kar ka motsa kai, sai ka kawo madubin kan idon, ka manna gwiwar hannu a ƙirji ko ka jingina da itace ka ɗan riƙe numfashi. Da haka na ga biri a reshe yana ɓare wani ɗan itace, har yatsunsa ina gani ɗaya bayan ɗaya. In ƙaya ta soke ka, juya shi ta baya ka leƙa ta babban gilashin ka matso da ƙaramin dab da fata, zai ƙara maka girmanta ka cire.

Abu biyu ina roƙonku da su. Kar ka taɓa kallon rana da shi ko na ƙiftawar ido, yana ƙona ido, kuma a gaya wa yara. Kar kuma ka saita shi wajen barikin soja, filin jirgi ko gidajen mutane, ko ba komai akwai haƙƙi, ga kuma jawo wa kai tambayoyi.

Danshin Legas shine babban maƙiyinsa, in ka barshi a jiƙaƙƙiyar jaka wani farin abu kamar saƙar gizo zai tsiro a cikin gilashin, cire shi kuma sai an kwance shi. Kana dawowa ka fiddo shi ya sha iska, ka ajiye shi a roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin silika ɗin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi. In bakin tekun Tarkwa Bay kaje ka goge jikinsa da ɗan tsumma mai laima saboda gishiri. Lokacin hunturu kuwa ka fara hure ƙurar tukuna kafin ka goga da ƙyallen tabarau, in ka goga da bakin riga ƙurar ce zata kankare maka gilashin.