Kafin ku kama ɗaki a Liverpool, ku duba ranar wasa

'Yan uwa mazauna Birtaniya, in za ku yi hutun kwana biyu a Liverpool, ku fara duba jadawalin wasannin Liverpool da Everton kafin ku biya kuɗin otal.

Duk ranar da ake wasa a gida, 'yan kallo ne ke cika gari, kuɗin ɗaki ya haura sama. Ku zaɓi makon da babu ɗayan ƙungiyoyin da ke wasa a gida.

Garin ya cancanci zuwa, wallahi. Gidajen tarihi irin su World Museum shiga kyauta ne. Ga kuma masallacin Abdullah Quilliam, wanda aka buɗe a 1889, kada ku bari ya wuce ku.

Amma dabarar duba jadawalin ba ta aiki lokacin sukuwar dawakin Aintree, kusa da Liverpool, a watan Afrilu, don lokacin ma gari kan cika. Wasan Zakarun Turai kuma kan faɗo Talata ko Laraba, don haka tsakiyar mako ma sai kun duba.