Yadda Ake Tsara Ɗakin Shan Iska na Katako a Jikin Gida

A Turai ana kewaye irin wannan ɗaki da gilashi ne don a tara zafin rana. A Garwa, Marwa ko Injamena, inda zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, wanda ya kwaikwaye su tanda ya gina. Inuwa da iska muke nema, don haka ragar sauro ce za ta cike yawancin bango, gilashi kuma kaɗan.

Fara da zaɓen gefe. Arewa ta fi. Yamma kuwa a guje mata, domin ranar la'asar ta ƙasa take shigowa, rufi ba ya tare ta. Idan gabas ce kawai ke da fili, rufin ya zarce bango da santimita 60 ko fiye, saboda daga nan hadari ya fi tasowa.

Sai katako. Loko da maɗaci suna jure gara. Ayus, wani farin katako mara nauyi, yana da araha amma gara ba ta ɗaga masa ƙafa, kada ya zama ginshiƙi. Katakon da ya hauro daga kudu ta Ngaundere yakan iso da danshi. A jera shi a inuwa, da 'yan sanduna tsakanin kowane layi, ya sha iska makonni. In aka kafa shi ɗanye, hunturu zai murɗe shi, ƙofa ta ƙi rufuwa. Bayan kafinta ya gama yanka, a shafe shi da maganin gara, musamman bakin yankan.

Ɗaki mai mita 4 da mita 3 yana buƙatar ginshiƙai uku a gaba, kaurin santimita 10 da 10, tazarar mita biyu. Kada ko ɗaya ya taɓa ƙasa: a zuba kankare ya tashi santimita 30, a dasa ƙarfe a ciki, a ɗaure ginshiƙin da noti. Inda ƙasa laka ce mai tsagewa da rani, zurfin ramin kankaren ya kai santimita 80.

Rufin ya sauka santimita 20 a kowace mita. A sa silin, a bar rata tsakaninsa da kwano don zafi ya fita. Ƙusa kaɗai ba ta riƙe rufi a guguwar farkon damina. A ɗaure katakon rufin da ginshiƙai da rodi mai milimita 6.

Yoyo kusan kullum daga mahaɗar kwano da tsohon bango yake farawa. Birkila ya tsaga bangon, ya cusa gefen falle ɗaya na kwano a ciki, ya lanƙwaso shi kan rufin, sannan ya toshe tsagar da siminti.