Kafin ka amayar da damuwarka ga abokin aiki: inda dokar Amurka ta rufa wa ma'aikacin gaggawa asiri da inda ta tsaya

Ɗan sanda, ɗan kwana-kwana ko ma'aikacin motar asibiti a Amurka, idan ya dawo daga mummunan aiki, yawanci hukumarsa kan haɗa shi da abokin aiki da aka horar don ya saurare shi. Kafin ka buɗe baki, tambaye shi kai tsaye: hukuma ta naɗa ka a wannan matsayi, kuma yaushe? Hirar da kuka yi da aboki a mota bayan an tashi aiki ba ta da kariya ko kaɗan, ana iya kiransa kotu ya maimaita duk abin da ka faɗa.

Lokacin naɗin yana da muhimmanci. A jihar Washinton, sashe na 5.60.060 na kundin dokokinta ya sharɗanta cewa a naɗa mai sauraron kafin ya fara ba da wannan taimako. Kariyar kuma tana faɗuwa idan yana cikin waɗanda suka fara isa wurin, ko ya gani da idonsa, ko yana da hannu a ciki. Nan ƙananan ofisoshi ke tuntuɓe: mutum ɗaya ne aka horar, kuma shi ma yana wurin a daren. Idan haka ta faru, nemi wani daga tashar da ke maƙwabtaka da ku, ka tabbatar shi ma naɗinsa ya shafe ka.

Jami'an tsaro na tarayya suna da dokar COPS Counseling Act, wadda Shugaba Biden ya sa wa hannu a Nuwamba 2021. Ta wajabta a ba ka takarda kafin zaman farko, mai bayyana iyakar sirrin. Karanta ta a natse. Sirri ba ya rufe bayyana niyyar kashe kai tare da shirin aiwatar da ita, barazanar jikkata ko kashe wani, amsa aikata laifi, labarin cin zarafin yaro ko tsoho, da umarnin kotu. Dokar jihar Oregon ma ta cire kusan waɗannan abubuwa. Saboda haka, bayani kan yadda harbi ya faru da abin da ka yi a wurin, na lauyanka ne. Shi mai sauraro ka kawo masa rashin barci, firgita da ƙuncin zuciya.

Babban gibin yana kotun tarayya. Idan aka kai ka ƙara kan take haƙƙin ɗan ƙasa, dokar sirri ta jiharka ba ta ɗaure alƙalin ba. Abin da ya tabbata a can shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na 1996 a shari'ar Jaffee da Redmond: wata 'yar sanda a jihar Illinois ta harbe wani a bakin aiki a 1991, ta yi zama kusan 50 da ƙwararriyar ma'aikaciyar jin daɗin jama'a mai lasisi, kotu ta ce ba za a tilasta fitar da bayanan ba. Hukuncin ya ambaci likitocin ƙwaƙwalwa, masana halayyar ɗan Adam da ma'aikatan jin daɗin jama'a masu lasisi. Idan akwai alamar shari'a, gara ka je wurin mai lasisi tun farko.

Kada kuma ka rikita wannan da gwajin cancantar komawa aiki. Likitan da hukuma ta tura ka wurinsa don wannan gwaji rahoto zai rubuta mata.

Ga masu sauraro kuwa: kada ku riƙa rubuta abin da aka faɗa, kada ku yi hirar ta saƙon tes ko wayar ofis. A zaman rukuni, a fara tantance waɗanda ke cikin ɗakin kafin kowa ya yi magana, domin baƙo ɗaya na iya raunana kariyar.

Idan tunanin kashe kai ne ya taso, a ajiye lissafin sirri, a kira 988, layin taimakon gaggawa na Amurka ga masu irin wannan tunani.