Babi na 6: Kuɗin Karbon daga Itatuwan Gona

Darasi na 1: Me ake saya?

Itace yana shanye hayaƙin karbon da ke ɗumama duniya, ya adana shi a jikinsa. Akwai kamfanonin waje masu biyan manoma don su bar itatuwa su girma. Tan ɗaya na wannan hayaƙi da itatuwa suka shanye shi ne kiredit ɗaya, wato abin da kamfanonin ke saya. Ba dashe za ka yi ba. Kututturen dakwara, aduwa ko magarya da ke tohowa a gonarka, ko a Gadarif take ko a Mai Wurno ta Sudan, shi za ka ƙyale. Zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙwari, ka sare sauran. Manoman Maradi sun fara haka tun shekarun 1980, kuma mutanen Humbo a Habasha sun karɓi kuɗin karbon ta wannan hanya.

Darasi na 2: Awo

A nan ake yawan tuntuɓe, don haka mu bi a hankali. Nemi sanda miƙaƙƙiya, ka auna santimita 130, ka yanke. Kafa ta a gindin itacen. Inda kan sandar ya tsaya, nan za ka zagaya tef irin na tela. Ba a gindi ba. Gindi ya fi kauri, lambar za ta yi ƙarya, mai tantancewa, wato wanda ake turowa ya duba awon, kuma zai soke ta.

Sake gwadawa. Sanda a ƙasa, tef a kan sanda. Kada tef ya karkace, kada ya yi sako-sako. Ka ga lambar? Rubuta ta nan take, tare da lambar da ka ba itacen da kwanan wata. Idan hannunka na rawa wajen rubutu, babu komai, Baba, kowa da haka ya fara. Shafa fenti a wurin domin baɗi ka auna daidai nan.

Haba jama'a! Har yanzu wasu na durƙusawa suna aunawa a gindi, wai ya fi sauƙi. Wasu kuma sai sun koma gida su rubuta da ka. Santimita 130 aka ce. Sanda, tef, rubutu nan take.

Darasi na 3: Ƙungiya da takarda

Gona ɗaya ba ta isa ba, sai an haɗu a ƙungiya. Ku tanadi takardar gona. Kuɗin na ɗaukar shekaru kafin ya zo. Ɗibar ƙaro ba laifi, amma ban da gawayi. Kada ku sa hannu a yarjejeniyar da ba a karanta muku ba.

Darasi na 4: Tsaro

Ku kare tohon daga awaki da gobarar daji. Wannan kun san shi.