Kurakuran da aka fi yi a karatun zama masanin halayyar ɗalibai

Yaro ya kai shekara tara bai iya haɗa baƙi ba. Malama ta ce lalaci ne, uwa ta ce a gida yana da wayo, shugaban makaranta kuma yana so a yanke hukunci kafin ƙarshen zango. Wanda ake kira ya warware wannan kulli shi ne masanin halayyar ɗalibai, kuma abin da ya rubuta zai iya bin yaron har ya gama makaranta. Shi ya sa kuskuren da aka yi a lokacin horo ba ya tsayawa kan mai karatun kaɗai.

Da yawa suna shiga karatun ne ba su san aikin ba. Sun ɗauka zama ne a ofis ana sauraron matsalolin yara ana ba su shawara. Wannan yana ciki, amma ya fi zama aikin jami'in ba da shawara na makaranta, wanda horonsa daban ne. Masanin halayyar ɗalibai yana ɓatar da lokaci mai yawa wajen gwaji da auna ƙwazo, zama da malamai da iyaye, tsara taimako ga yaro mai buƙata ta musamman, da rubuta rahoto. Kafin ka cike fom, nemi wanda ke aikin ka tambaye shi yadda makonsa ke tafiya, in da hali ka bi shi kwana biyu ka gani da idonka.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne zaɓen kwas ba tare da duba ko zai kai ka ga lasisi ba. Sunan jami'a ba ya ba da izinin aiki, hukuma ce ke bayarwa, kuma kowace ƙasa da nata sharaɗin. A Amurka, ƙungiyar masu wannan sana'a, NASP, wadda aka kafa a 1969, ta sa mafi ƙarancin horo ya zama shekara uku: kiredit 60 bayan digirin farko, ciki har da aikin sanin makama na awa 1,200, wanda aƙalla awa 600 za a yi su a cikin makaranta. Takardar izinin aiki a makarantun gwamnati kuwa kowace jiha ce ke bayar da tata. A Ingila hanyar daban ce: digirin dakta na shekara uku, sannan rajista da HCPC, hukumar da ke yi wa ma'aikatan lafiya da kula da jama'a rajista, kuma ba a ɗaukarka sai digirinka na farko, ko kwas ɗin da ya maye gurbinsa, ya samu amincewar BPS, ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Birtaniya, kana kuma da gogewar aiki da yara. Saboda haka wanda ya yi digiri na biyu na shekara ɗaya a ilimin halayyar ɗan Adam, ko da ya fita da sakamako mai kyau, zai iya tarar da cewa takardarsa ba ta buɗe masa wannan ƙofa ba. Gyaran mai sauƙi ne: fara daga inda kake son yin aiki, karanta sharuɗɗan hukumar wurin, sannan ka nemi kwas ɗin da ya cika su. Ka tambayi jami'ar a rubuce ko an amince da kwas ɗin yanzu, domin "muna kan neman amincewa" ba amincewa ba ce.

Wasu kuma suna rugawa digirin dakta don suna. Idan burinka koyarwa a jami'a ko bincike ne, ya dace. Idan kuwa aikin makaranta kake so a Amurka, matakin shekara ukun nan ya isa a yawancin jihohi, kuma ƙarin shekaru ƙarin bashi ne.

Yanzu ga wanda ya fi damuna. Ɗalibai da yawa sun zo wannan fage ne saboda son yara, sai su ɗauki darasin ƙididdiga da ilimin awo kamar wani magani mai ɗaci da za a haɗiye a wuce. Abin mamaki, wanda ya guje wa ƙididdiga shi ya fi zama bawan lamba, domin bai san rauninta ba. Gwaje-gwajen basira irin na Wechsler an tsara su ne matsakaicin maki ya zama 100, tazarar ma'auni (wato gwargwadon yadda maki ya saba nisa da 100) kuma 15, ana kuma yawan ɗaukar 70 a matsayin iyakar da ake fara zargin naƙasar fahimta. To amma kowane maki yana ɗauke da kuskuren awo na kusan 5 sama ko ƙasa. Yaron da ya ci 68 da wanda ya ci 72 ba lallai akwai bambanci na gaske tsakaninsu ba, amma wanda bai fahimci wannan ba zai raba musu makoma da alƙalami. Akwai kuma abin da wani mai bincike, James Flynn, ya nuna, cewa a ƙarni na 20 makin jama'a ya riƙa hawa da kusan 3 a kowace shekara goma, don haka tsohon gwaji yana kumbura maki. Ka zauna da littafin bayanin kowane gwaji ka karanta a kan waɗanne yara aka daidaita shi, a wace shekara, da wane harshe. Alfred Binet, wanda ya fitar da gwajin farko tare da Théodore Simon a Faransa a 1905, ya yi shi ne don gano yaran da ke buƙatar ƙarin taimako, kuma bai yarda cewa basira abu ce da ba ta canzawa ba.

Maganar harshe kuwa har kotu ta je. A 1970, a jihar Kalifoniya, an kai ƙara saboda wasu yara masu jin Sifaniyanci da aka gwada da Ingilishi aka tura su ajin masu naƙasar fahimta. Da aka sake gwada su da harshensu, yawancinsu sun haye iyakar. A 1979 wata kotun tarayya a jihar ta hana amfani da gwajin basira wajen tura yara baƙar fata irin waɗannan azuzuwa. Mai koyo yakan ɗauka fassara tambayoyin da baki ta wadatar. Ba ta wadatar ba, domin kalmar da ke da wuya a wani harshe tana iya zama ta yau da kullum a wani, kuma ma'aunin da za ka kwatanta yaron da shi ba na irinsa ba ne. Ka koyi aiki da tafinta, ka tambayi shekara nawa yaron ya yi yana karatu da harshen makaranta, ka kuma rubuta ƙarara a rahoto idan makin ba abin dogaro ba ne.

Haka nan a daina gudu zuwa akwatin gwaji tun ba a leƙa aji ba. Wani yaron ba ya ji sosai, wani ba ya ganin allo, wani ya yi fashin rabin zango, wani kuma ba a taɓa koya masa sautin baƙaƙe yadda ya kamata ba. Minti arba'in a bayan aji da hira da malama sukan nuna abin da gwajin awa uku ba zai nuna ba. Kuma ka shiga ajin da ladabi. Malamar da ta shekara ashirin tana koyarwa ta san abin da babu shi a littafinka, kuma ita ce za ta aiwatar da shawararka ko ta ajiye ta a aljihun tebur. NASP na ba da shawarar masani ɗaya ga ɗalibai 500, wurare da yawa ba su kai haka ba, don haka hannunka ba zai kai ga kowane yaro ba sai ta hannun malamai.

A lokacin sanin makama, kuskuren da aka saba shi ne ɓoye wa mai duba aikinka inda ka yi tuntuɓe. Ka manta ka tsayar da agogo, ko ka tsallake tambaya, sai kunya ta sa ka yi shiru. Ka faɗa. An sa shi a kanka ne don wannan, kuma gara a gyara maki yau da a gina hukunci a kansa. Ka riƙa rubuta awanninka kowane mako ana sa hannu, domin hukumar lasisi za ta nema, ƙwaƙwalwa kuma ba ta riƙe awa dubu.

Sirri ma yana kayar da sababbi. Yarinya ta ce za ta gaya maka wani abu idan ka yi alkawarin ba za ka faɗa wa kowa ba, kai kuma don ta saki jiki ka amsa. Kada ka yi. Tun zaman farko ka bayyana mata da kalmomin da za ta gane cewa abin da ta faɗa amana ne, sai dai idan ana cutar da ita, ko za ta cutar da kanta ko wani, to dole ka sanar da wanda zai kare ta. A ƙasashe da yawa doka ce ta wajabta hakan.

Sai rahoto. Mai koyo yana son nuna ya yi karatu, sai ya cika shafi goma sha biyar da kalmomin da uwar yaron ba za ta gane ko ɗaya ba, shawarar kuma ta zo a layi biyu: a ƙara kula da shi. Wace kulawa, wa zai yi, sau nawa? Rubuta cewa a zauna da shi minti ashirin sau huɗu a mako a kan haɗa sautuka, a auna yawan kalmomin da yake karantawa daidai a minti ɗaya kowace Juma'a, a sake zama bayan mako shida a duba ko an samu ci gaba. Kafin ka miƙa rahoton, cire sunan yaron da duk abin da zai sa a gane shi, ka karanta wa abokin karatunka da babbar murya. Duk jimlar da ya ce ka maimaita, sake rubuta ta.