Darasi na 9: Makarantar Kwana, Ƙarama ko Babba?

Wannan darasi na iyayen da yaronsu ya gama firamare ne, ko ya gama aji uku na ƙaramar sakandare, suna tunanin kai shi makarantar kwana. Akwai karatu, akwai ɗan lissafi. Kowa ya ɗauko littafin rubutu da fensir.

Karatu

Wani tela ne a Gwammaja, yana da 'ya mai shekara 12. Bayan sallar isha'i yana cin tuwo, matarsa ta zauna a gefen tabarma.

"Malam, maganar makarantar yarinyar nan fa. Fom biyu ne tun makon jiya suke ajiye."

"Ai na gama shawara, babbar za ta tafi. Makaranta ce mai suna, ɗalibai sun fi dubu, ga fili ga gine-gine. Waccan kuwa gidan haya ne aka mayar makaranta."

"To ai tsorona ke nan, Malam. Ka san halinta, ko yunwa take ji ba ta faɗa. A cikin yara dubu wa zai lura ba ta ci abinci ba?"

"A ƙaramar kuma wa zai koya mata kimiyya? Ita ce fa kullum take cewa likita za ta zama."

Kowannensu ya faɗi gaskiya. Amma ku lura, daga shi har ita babu wanda ya taka ƙafa ya je ko ɗaya daga cikin makarantun. Shi suna ya ji, ita kuma labarin maƙwabciya ta ji.

Manya da ƙanana a Kano

Manyan makarantun kwana yawancinsu na gwamnati ne. A cikin birni akwai Kwalejin 'Yan Mata ta Dala, akwai Kwalejin Gwamnatin Tarayya a kan titin Zariya. A wajen birni akwai makarantun kimiyya na maza a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda aka buɗe a 1977. Likitoci da injiniyoyin Kano da yawa a can suka yi sakandare. Irin waɗannan da jarrabawa ake shigarsu, saboda haka ba lallai zaɓi ya zama naka kai kaɗai ba, sai yaro ya ci.

Abin da babbar makaranta ta fi ƙarfi a kai shi ne malamai da kayan aiki. Kowane darasi yakan samu malaminsa, akwai ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, kuma a nan yara suke rubuta jarrabawar WAEC da NECO. Yaron Fagge zai kwana ɗaki ɗaya da na Rano da na Ɗambatta, ya koyi zama da mutane. Matsalarta kuwa layi. Layin ruwa, layin abinci, layin banɗaki. Ga siniyoyi masu aika ƙananan yara ɗebo ruwa da wanki. Duk wanda ya yi makarantar kwana ya ci gabza zai ba ka labarin nan yana dariya, amma a lokacin ba dariya yake yi ba.

Ƙananan kuwa galibi makarantun kuɗi ne, da yawa suna haɗa haddar Alƙur'ani da karatun boko. Malami ya san sunan kowane yaro. Idan zazzaɓi ya kama ɗanka, kafin dare ana iya kiranka a waya. Sai dai kuɗinsu ya fi yawa, kuma sau da yawa malami ɗaya ne yake riƙe darasi biyu ko uku. Ranar da ya samu aiki mai tsoka ya tafi, darussa uku sun tsaya. Wasu ma ba su da izinin zama cibiyar jarrabawa, sai a kwashi yara a yi musu rajista a wata makaranta. Ka tambayi wannan tun ranar farko, kuma ka ce a nuna maka takardar amincewar gwamnatin jiha. Ba rashin kunya ba ne. Makarantar da take da takardar, da murna za ta ɗauko ta.

Lissafi

Yaro ba ya zama da ɗalibai dubu a lokaci guda. A aji ɗaya yake zama, a ɗaki ɗaya yake kwana, a bakin famfo ɗaya yake tsayawa da bokitinsa. Don haka jimillar ɗalibai ita kaɗai ba ta gaya maka komai sai ka yi rabawa, wadda muka koya a baya.

A ce babbar makaranta tana da ɗalibai 1,200, malamai 40, ɗakunan kwana 20, banɗaki 40. A ce ƙaramar kuma tana da ɗalibai 180, malamai 6, ɗakunan kwana 6, banɗaki 4. Waɗannan lambobi na misali ne kawai.

Malamai: 1,200 ÷ 40 = 30. A ƙaramar, 180 ÷ 6 = 30.
Ɗakin kwana: 1,200 ÷ 20 = 60. A ƙaramar, 180 ÷ 6 = 30.
Banɗaki: 1,200 ÷ 40 = 30. A ƙaramar, 180 ÷ 4 = 45.

Kun gani? A wajen kwana ƙaramar ta fi sarari. A wajen banɗaki kuwa ita ce ta fi cunkoso, duk da ƙanƙantarta. A wajen malamai lissafi ya zo daidai, amma a nan sai an ƙara tunani. Ɗan babbar sakandare darasi takwas ko tara yake rubutawa a jarrabawar fita. Malamai shida ba za su ishi darussa tara ba sai an ɗora wa wasu biyu-biyu. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce a babbar sakandare malami ɗaya ya riƙe ɗalibai 40 a aji. Idan ka leƙa ka ga kawuna sun kusa ninka haka, wasu a ƙasa, wasu a kan taga, to sunan makarantar ba zai koyar da na bayan aji ba.

Wani abu kuma: kada ka dogara da adadin malaman da aka rubuta a takarda. Ka tambayi yara malamai nawa ne suka shigo ajinsu jiya.

Ranar zuwa gani

Kada ka je ranar ziyara. Ranar an yi shara, an gyara miya. Ka je ranar Talata ko Laraba, wajen lokacin abincin rana, ka ga abin da ake zubawa a kwano da yadda ake rabawa. Idan makarantar 'yan mata ce, uwa ta je, ko gwaggo, domin namiji ba za a bar shi ya shiga ɗakin kwana ba, kuma a can ne abin dubawa yake.

A ɗakin kwana ka fara da taga. Zafin Kano na watan Maris da Afrilu kowa ya san shi, kuma lokacin ne sanƙarau yake yaɗuwa, musamman inda mutane suka cunkushe babu iska. Ka ɗaga katifa ɗaya ka duba ko akwai kuɗin cizo. Ka dubi hannuwan yara ko suna susar ƙazwa. Ka ga ko ana ɗaura gidan sauro. Sannan ka ƙirga ƙofofi, ka tambaya ko ana kulle su ta waje da dare, kuma a hannun wa makulli yake kwana. A ƙarshen 2015 gobara ta tashi da dare a ɗakin kwanan makarantar 'yan mata ta Jogana, ɗalibai bakwai suka rasu. Allah ya jiƙan su. Ɗaki mai yara 60 da ƙofa ɗaya abin tsoro ne, ko makarantar ta wace iri ce.

Ka tambayi babban da yake kwana kusa da yara, malami ne ko matar da aka ɗauka don kula da su, kuma yara nawa ne a ƙarƙashinsa. A ganina wannan tambaya ta fi duk sauran nauyi. Babbar makarantar da ta raba yara gida-gida, kowane gida da malaminsa mai kwana a wurin, ta fi ƙaramar da ake bar wa ɗan aji shida ya tsare yara da bulala.

Sai ɗakin shan magani. Akwai ma'aikacin jinya da dare? Wane asibiti ake kai yaro idan abin ya yi tsanani, kuma da wace mota?

Maganar tsaro ma ba a tsallake ta yanzu. Tun sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamba 2020 da na Jangebe a Fabrairu 2021, iyaye suka koyi duba katanga da masu gadi, har gwamnatin Kano ta rufe wasu makarantun kwana na wajen gari na wani lokaci. Ka duba nisan makaranta da gari, ka duba ko waya tana shiga.

Idan aka ce ba za a nuna maka ɗakin kwana ko kicin ba, ka yi godiya, ka rubuta hakan a littafinka.

Kuɗi da halin yaro

Shekara zango uku ce, sakandare kuma shekara shida, ke nan zango 18. Kada ka lissafa kuɗin zangon farko kaɗai. Ka haɗa da kayan sawa, katifa, bokiti, akwati, garin kwaki da suga da sabulu na kowane zango, da kuɗin motar ziyara. Cire yaro a tsakiyar karatu saboda kuɗi sun gaza ya fi masa ciwo a kan a fara da mai sauƙi tun farko.

Yarinyar telan nan, da ni aka tambaya, zan ce shekara 12 da rashin magana ba su dace da ɗaki mai mutum 60 ba. Ta yi aji ɗaya zuwa uku a wurin da za a san sunanta, ko ma a je-ka-ka-dawo kusa da gida. Idan ta gama aji uku ta yi wayo, sai ta zauna jarrabawar makarantar kimiyya. Yaron da yake da baki, mai iya ƙwatar kwanonsa, shi kam babbar ba za ta gagare shi ba. Uwa ta fi kowa sanin wanne ne nata, shi ya sa ba a yanke wannan shawara a majalisar ƙofar gida ba tare da ita ba.

Aikin gida

1. Wata makaranta tana da ɗalibai 600 da famfo 8. Yara nawa ne a kan kowane famfo?
2. Idan kayan zango ɗaya sun kama naira 25,000, nawa ne a shekara? Nawa ne a shekara shida?
3. Rubuta tambayoyi biyar da za ka yi wa shugaban makaranta. Ka zo da su mako mai zuwa, za mu karanta a aji, ɗaya ya zama shugaba, ɗaya ya zama uba ko uwa.