Yadda za ka yi tattaki don kauce wa ciwon suga

Wallahi lamarin ciwon suga yana damuna a garin nan na Kano, daga ƙofar gida sai adaidaita, daga adaidaita sai bencin shago har magariba, ga lemon kwalba ga tuwon dare mutum ya ci ya kwanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a sati, wato minti 30 sau 5 kenan.

Fara da kaɗan. In Kantin Kwari za ka, sauka a Ƙofar Mata ka ƙarasa da ƙafa, amma da ɗan sauri yadda numfashinka zai hau kuma kana iya amsa gaisuwa. Bayan asuba ya fi, kafin rana ta buɗe.

Tafiyar da na fi so ita ce ta bayan cin abinci, ko minti 10 ne, don tsoka in tana aiki zuƙe suga take daga jini. Iyayenmu mata ko tsakar gida kuka yi ta zagayawa ya yi.

Wanda ciwon ya riga ya kama ya sa takalmi rufaffe mai laushi, ya riƙa duba tafin ƙafarsa kullum, ya kuma tuntuɓi likitansa tukuna.